Kambas ɗin da Saude Ta Saya Mini

Sunana Sammani. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure. Ba zan faɗi sunansa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna da 'ya'ya da jikoki a can. Abin da zan gaya muku ya faru ne a bazarar 1986, ina da shekara ashirin da huɗu. Na yi faɗa a rayuwata, na yi taurin kai, duk ban damu ba. Wannan ɗaya ne in na tuna shi nake sunkuyar da kai ko ba kowa a wurin.

Gonar mahaifina tana ƙarshen layi, inda ruwan kanal yake isowa a gajiye. Kanal ita ce babbar hanyar ruwan da aka jawo daga madatsar ruwa ta Tiga, ƙanana suka rarrabu daga jikinta zuwa gonaki. Ranar da aka ba layinmu ruwa, in ba ka tsaya a kansa ba, na sama da kai za su datse shi da laka su juya shi cikin tumatirinsu, kai kana can kana jira, alkamarka tana ƙuna. Don haka aikina ranar ruwa gudu ne. In haura bakin kanal in buɗe inda aka datse, in gangaro in ga ko ya iso, in sake haurawa. Sau goma a wuni, wani lokacin ya fi. Ba takalmi, don silifas laka take riƙe shi. Tafin ƙafata ya yi kanta har ƙaya ba ta cika shigarsa ba.

A nan Malam Ɗanladi ya gan ni. Malamin wasanni ne a wata makarantar kwana kusa da mu, gajere, mai tumbi, kullum da usur da wani agogo rataye a wuyansa. Agogon ba na sanin lokacin salla ba ne. Danna shi ake yi ya fara ƙirga, a sake dannawa ya tsaya. Ya biyo ni a kan keke har ya gaji, ya sha gabana a wata gada.

"Kai, wa ya biyo ka?"

"Ruwa nake bi, Malam."

"Ai ka wuce ruwan tun ɗazu." Ya nuna mini fuskar agogon kamar zan gane. "Ɗalibaina da nake ba ƙwai da madara ba wanda ya taɓa yin wannan. Akwai dogon gudu da hukuma ta shirya, daga Bunkure zuwa Kura, nan da wata ɗaya. Ukun farko za a kai su Kano, a sa su cikin 'yan wasan jiha, a ba su aiki. Za ka yi?"

Na ce zan yi. Ya ba ni jar singileti da gajeren wando. Takalmi, ya ce, babu, in yi da ƙafar da Allah ya ba ni.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Saude.

Bazawara ce, shekararta ashirin da biyu. Aurenta na fari ya mutu a Madobi, ta dawo gidan yayanta Hambali tana turara shinkafa tana sayarwa. Doguwa, baƙa, mai wushirya. In tana magana da kai ba ta kallon ƙasa, kai take kallo. Wata shida ina zuwa wurinta bayan la'asar, mu zauna a zauren Hambali, ni a bakin ƙofa, ita a kan 'yar kujera ta cikin gida. Ban iya kalaman soyayya ba. Ita take magana, ni in ce haka ne.

Hambali ba ya ƙaunar ganina. Akwai wani Muhammadu Sani mai injin casar shinkafa a Kura da ke nemanta, yana zuwa a kan babur da babbar riga. Ni kuma ga labari ya bazu cewa ina gudu da gajeren wando.

"Namiji da gemunsa," Hambali ya ce mata ina ji, ko sassauta murya bai yi ba, "ya tuɓe ya bar cinya a waje, yana gudu ba abin da ya koro shi. Wannan za ki aura?"

"Yaya, ka ba ni zuwa bayan gudun nan. In aka kai shi Kano, ai ka ga sana'a ce."

"In ba a kai shi ba fa?"

"Sai mu yi magana."

Kun ga ke nan. Ba don aikin Kano kaɗai zan yi gudun ba. Mace ta tsaya a gaban yayanta ta sa kanta a kaina.

Saura sati biyu, na je zance na same ta da wani ƙulli a cinya, an naɗe shi da tsohon ɗankwali mai ruwan ganye. Ta leƙa cikin gida, ta leƙa waje, sannan ta turo mini shi da ƙafa.

"Buɗe."

Kambas ne. Fari fat, da layi biyu shuɗaye a gefe, ƙasansa roba mai tsagi-tsagi, yana ƙanshin kanti. An cusa farar safa a cikin ɗaya. Ban taɓa mallakar takalmin da ke rufe ƙafa ba. Na riƙe shi da hannu biyu kamar an ba ni jariri.

"Saude, ina kika samo wannan?"

"Na ji an ce 'yan birni da za su zo duk da irinsa suke gudu. Sai nawa ne zai tsaya a cikinsu ƙafa ba komai kamar mai kiwon awaki?"

"Na ce ina kika samo."

"Kwallata biyu na cire daga jere. Me suke tsinana mini ban da ƙura?"

Ku na yanzu ba za ku san kwalla ba. Manyan kwanonin nan ne masu fenti da mata ke jerawa a ɗaki. Abin da ta fito da shi daga aurenta na fari ke nan, shi za ta shiga da shi na biyu.

"To yaya kika san girman ƙafata?"

Ta rufe baki da gefen gyale tana dariya. "Ran Talata ka wuce a guje ta wurin da muke wanke shinkafa, ka taka laka. Mata suna nan, na ji kunya. Washegari da rana tsaka na koma ba kowa, na kare tsinken tsintsiya daidai tsawon sawunka. Asta za ta Kano biki, na ba ta."

Asta matar Hambali ce. Kuma haka ake sayen takalmi a wurinmu: a auna ƙafa da tsinke, a ba mai zuwa birni.

Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Amma ka ji, kada ka gaya wa kowa. Ko Innarka. Ka san bakin mutane, in aka ji bazawara ta durƙusa a kan sawun namiji."

Na san abin da take nufi. A wurinmu in mace ta je wurin sawun mutum, abu ɗaya ake zato: ta ɗebi ƙasar ta kai wa boka. Na ce mata ba wanda zai ji.

Da na isa gida na tura ƙyauren ɗakina, na wanke ƙafa, na sa safa, na tura. Ƙafar ta shiga, amma sai da na lanƙwashe yatsu. Babban yatsana ya tokare gaba, dunduniya ta matse kamar an ɗaure da waya. Na miƙe na yi taku uku na zauna.

Ba laifinta ba ne. Mai gudu ba ya sauke dunduniya duka, don haka sawunsa ba ya cika. Ga laka in ta kwana ta sha rana tsukewa take yi. Gaskiya tsinken ya faɗa, sawun ne ya gaza ƙafar.

Washegari ta tambaye ni tun kafin in zauna.

"Ya yi?"

Idonta yana kaina, tana murɗa gefen gyale. Da na ce ya yi kaɗan, da Asta ta mayar an canjo. Sati biyu ya isa. Amma sai na tuna kwalla biyu, na kuma tuna yadda za ta ce ta yi wauta. Kuma, in faɗa muku gaskiya, ban so a ce ƙafata ta fi ƙarfin takalmin 'yan birni ba, ƙafar manomi mai faɗi kamar faranti.

"Kamar a ƙafata aka ɗinka shi," na ce.

Ta yi ajiyar zuciya, ta tashi ta kawo mini fura.

Na yi dabara irin tamu. Na jiƙa wake, na cusa a cikin takalman, na ɗaure bakinsu, don in waken ya kumbura ya buɗa su. Kwana biyu na bar su a bayan randa. Inna, mahaifiyata, ta je ɗiban ruwa ta gani.

"Sammani, noman wake ka koma yi a takalmi?"

"Magani ne, Inna."

"Na wa? Naka ko na takalmin?" Ta ɗaga ɗaya ta kara da ƙafata daga nesa, ta ajiye. "Wanda ya saya maka wannan yana sonka, amma bai san ka ba."

Waken ya kumbura, kambas bai ƙara ko ƙwayar gero ba.

Malam Ɗanladi da ya ji ina da takalmi, murna ya yi. Ya ce, "Kullum ka sa shi ka yi gudu da shi, ya saba da kai ka saba da shi. Ba a shiga tsere da sabon takalmi, ka ji ko? Ko a ƙafarka aka ƙera shi."

Na ce to. A raina na ce wannan mutumin bai san darajar kaya ba. Mu sabon abu ajiye shi muke yi sai ranarsa, kamar rigar salla. Farin takalmi zan tsoma a lakar kanal, ranar taro in fito da shi ya yi dauɗa? Na goge shi, na sa a akwati ƙarƙashin babbar rigata. Na ci gaba da gudu ƙafa ba komai. Na ce wa kaina ranar zai saki.

Ranar ta zo, Asabar. Aka kwashe mu a bayan a-kori-kura zuwa Bunkure da hantsi. Mun kai mu sittin, 'yan makaranta da 'yan sanda da wasu daga birni masu tabarau. Na sa dogon wando a kan gajeren, ban cire ba sai da aka ce a jeru. Malam Ɗanladi ya manna mini lamba a ƙirji da fil, ya dubi ƙafata, ya ga farin ko ɗigo babu.

"Sammani. Wannan ka taɓa gudu da shi?"

"Na taɓa."

Ya dube ni, ya dubi takalmin. Ya hau babur ɗin wani ya yi gaba zuwa Kura da agogonsa.

Aka busa usur.

Farkon tafiya ban ji komai ba sai daɗi. Na wuce 'yan makaranta, na wuce 'yan sanda. Hanya ta bi gefen kanal, alkama ta yi ja hagu da dama, masu girbi suna miƙewa da lauje a hannu suna kiran sunana. Kafin mu yi kwata ni ne a gaba, ba na jin takun kowa a bayana. Ina kallon farin nan yana tashi yana sauka, ina cewa yau Hambali zai haɗiye maganarsa.

Sai zafi ya fara daga dunduniya. Ƙafa in ta yi gudu kumbura take yi, ban san haka ba sai ranar. Yatsuna da ke lanƙwashe suka fara goguwa da rufin takalmin. Kantar da nake taƙama da ita a tafin ƙafa take, saman yatsu da bayan dunduniya fata ce irin ta kowa. Ta yi bororo, bororon ya fashe. Na ji safa ta jiƙe. Da na duba, jini ya ɓullo ta gaban na dama, ya yi tambari a kan farin.

Na ci gaba. Wani dogo daga birni ya wuce ni. Wani ɗan sanda ya wuce ni.

A rabin hanya akwai wata gada, a nan mutanen ƙauyenmu suka taru. Na hango Saude tun daga nesa. Ta sa atamfa shuɗiya sabuwa, gyale fari, ta riƙe kwanon sha da ruwa, Asta a gefenta. Hambali yana jingine da kekensa. Na daure na miƙe jiki, na daidaita taku kamar ba komai. Da na zo daidai su ta miƙo kwanon. Ba fuskata take kallo ba, takalmin take kallo, tana murmushi. Ban karɓi ruwan ba. Na ji tsoron in na tsaya ba zan iya tashi ba, kuma za ta ga jinin.

Na wuce su, na sha kwana inda rake ya kare ni daga idon mutane, na zube a bakin kanal. Na kwance igiya. Da na zare na dama, safar ta taho da fata, farcen babban yatsa yana lilo. Ina zaune mutum huɗu suka wuce.

Kamata ya yi in rataya takalman a wuya in ƙarasa da su. Ban yi ba. Haushi ya rufe mini ido, na haɗa su biyu na wurga cikin kanal. Na ga farinsu yana juyawa a kan ruwa, ya yi gaba.

Na tashi da ɗanyar ƙafa a kan tsakuwa mai zafi. Na kamo biyu, na kamo na uku. A shigar Kura ina ganin bayan wanda ke gabana, ɗan makaranta ne siriri, taku ashirin tsakaninmu. Taku ashirin ɗin nan ban iya cinye su ba. Na zo na huɗu.

Wurin ƙarewa a gaban kasuwa ne, an sa rumfa da lasifika. Malam Ɗanladi ya danna agogonsa, ya zo ya tsaya a kaina ina zaune a ƙasa. Mutane suka kewaye mu suna kallon ƙafata. Can mutanen ƙauyenmu suka iso a bayan mota, Hambali a gaba, matan a baya.

"Ina takalmin?" in ji Malam.

Hambali ya kutso, ya leƙa ƙafata, ya yi dariya. "A'a, zakaran gudu. Na ga ka wuce mu da fararen ƙafafu kamar balbela. Ko a hanya ka sayar ka sha rake? Na huɗu. Ko akuyata aka saka ai ta yi na huɗu."

Aka yi dariya. Na ɗaga kai na ga Muhammadu Sani a kan babur ɗinsa a gefen rumfa, shi ma yana murmushi. A nan bakina ya buɗe.

"Ka tambayi ƙanwarka," na ce, da ƙarfi. "Ita ta je ta durƙusa a kan sawuna a bakin kanal, ta kawo mini abin da ya cinye mini ƙafa."

Dariyar ta tsaya. Wani tsoho mai sayar da goro ya matso.

"Yaro, me ka ce? Sawunka ta ɗauka?"

Wata mata ta ce, "Wace ce?" Wata ta ce, "Bazawarar gidan Hambali." Wani ya ce, "Shi ya sa. Yaron da ke gaba tun daga Bunkure, haka kawai ƙafa ta fashe? An ɗaure shi ne."

Ku saurara da kyau, don wannan shi ne abin da na zo faɗa. Ba maganar da na yi ba ce ta fi ci mini rai. Wannan zafin ciwo ne da zafin dariya. Abin da ya biyo baya ne. Tsohon nan ya tambaye ni a fili, kowa ya yi shiru yana jira. Kalma kaɗan ta isa: a'a, tsinke ta kara don ta saya mini takalmi. Na ga Saude a bayan mutane, kwanon ruwan yana hannunta har yanzu, tana kallona. Ba kuka take yi ba. Jira take yi.

Ni kuma na ji yadda maganar ta juya. Yanzun nan ni ne wawan da ya zo na huɗu. Yanzu kuma ni ne gwanin da aka yi wa asiri. Na ji daɗin hakan. Na sunkuyar da kai na kama ƙafata, na yi shiru.

Da na sake ɗagowa, Asta ta ja ta sun tafi.

Kwana uku ina kwance, ƙafafu naɗe da tsumma da man kaɗanya. Masu dubiya suna shigowa. "Sannu Sammani, Allah ya tona asirin mugu." "Ai mun ga yadda kake tafiya, ba mai kamo ka." Wani ya kawo rubutu, wani ya kawo turare in yi hayaƙi. Ina karɓa ina cewa amin. Malam Ɗanladi kaɗai ne bai zo ba.

Rana ta uku da hantsi Inna ta shigo da kunu. Ta ajiye, ba ta fita ba.

"Ka ji abin da ake yi wa yarinyar nan?"

"Ban ji ba."

"To ka ji. Jiya ta kai shinkafa, ba wadda ta saya. A wurin wanki, in ta zo mata sai su tashi. Matar liman ta ce wa mijinta ya daina bi ta ƙofar gidan Hambali, in ya bi ya riƙa goge sawunsa. An ce auren Madobi ma abin da ya kashe shi ke nan." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ni na ga wake a takalmi, Sammani. Tun kafin ka taka ƙasar Bunkure ka san bai yi maka ba."

"Inna, ni ban ce ta yi asiri ba."

"Ba ka ce ba. Ka bari an ce, kana shan rubutu a kai." Ta ɗauki kwanon rubutun ta fita da shi. Na ji ta zuba shi a gindin bango.

Washegari bayan la'asar na ɗauki sandar mahaifina na dogara zuwa gidan Hambali. Tafiyar da nake yi kafin a ƙirga ɗari, ranar sai da na huta sau biyu. Na yi sallama sau uku kafin ya fito. Bai ba ni hannu ba, bai shimfiɗa tabarma ba.

"Me ka manta?"

"Na zo in faɗi gaskiya."

"Faɗi."

Na faɗa, a tsaye. Na ce tsinke ta kara, ba ƙasa ta ɗiba ba. Na ce tun ranar farko takalmin ya matse ni, ta tambaye ni na ce ya yi. Na ce Malam ya hana ni gudu da sabo, na ƙi ji. Na ce da hannuna na jefa shi a kanal.

Hambali ya saurara har na gama. "Ni kake gaya wa? Matata ce ta kai tsinken Kano. Na san wannan tun daren Asabar."

Sai na ji motsi a bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida. Saude ce, amma ba ta fito ba. Ƙasan zaninta kawai nake gani, da yatsun ƙafarta, lallen da ta sa don ranar gudu bai gama fita ba.

"Yaya, ka ce masa na ji."

"Yana jin ki."

"Sammani." Ba ta taɓa kiran sunana haka gatsau ba. "A kanal ka ce?"

"A kanal."

"Da ka ce mini ya yi kaɗan, da dariya za mu yi."

"Na sani. Ki yafe mini."

"Yafiya ba wuya. Amma nan zaure ne, mu uku. Mutum nawa ne a gaban kasuwa ran Asabar?"

"Mutanen Muhammadu Sani sun aiko," in ji Hambali. "Sun ce shi bai yarda da zancen ba, yana nan a kan bakansa. Ran Juma'a za su zo jin amsa."

Na ji kamar an sake zare mini safar nan. Mutumin da ko magana ba ta cika yi masa ba ya tsaya mata. Ni da ta sayar da kwallarta domina na kwanta ina shan rubutu.

"Saude, me kike so in yi?"

"Jibi kasuwar Kura take ci. Mai shela yana nan da lasifikarsa. Ka je ka karɓa, ka faɗi abin da ka faɗa yanzu, kada ka rage komai. Har waken."

"Wa ya gaya miki zancen wake?"

"Inna ta zo jiya. Ita kaɗai ta sayi shinkafata."

Na dubi sandar da ke hannuna. Na ga kaina a tsakiyar kasuwa, ɗan gidanmu, da lasifika a baki, ina gaya wa masu tumatir da dillalan shanu cewa mace ta saya mini takalmi, na yi mata ƙarya, na ɓuya a bayan sunanta. Na san har in mutu za a riƙa kirana da shi. Kuma kun san abin da ya fito daga bakina, bayan duk abin da na yi?

"A kasuwa? Ni?"

Hambali ya yi tsaki ya kau da kai.

"Ni ma a kasuwa aka yi mini," in ji Saude daga bayan ƙyaure.

Yatsun ƙafarta suka janye. Na ji sakata ta shiga. Hambali ya nuna mini hanya da haɓa, na juya na dogara sandata na fita, ban ce zan je ba, ban ce ba zan je ba. Ranar Talata ce. Kasuwa Alhamis, baƙi Juma'a.